JAWABI BISA CAJIN BATIRI: ƘAƘA ZA MU YI YA DAƊE?

 

Yau ba zancen iri ko taki munka zo yi ba. Zancen batiri ne. Shekarun baya, batiri sai mai mota. Yanzu ku duba garuruwanmu. Panno bisa ɗaki, panno bisa rumfa, panno bisa shagon mai cajin salula. Ƙarƙashin kowane panno kuwa akwai batiri. Da shi muke ganin haske da dare, da shi yara ke bitar karatu, da shi muke jin radiyo.

Amma kuka ya yi yawa. Wani ya ce ya sayi batiri bayan kaka, kafin damina ya mutu. Wani ya ce nashi ba ya kai sallar lisha. Kowa na zagin mai kanti. Gaskiya ne, akwai batiri maras kyau cikin kasuwa. Amma mafi yawan batiran da ke mutuwa da wuri, caji ne ya kashe su. Ko caji bai isa ba, ko ya yi yawa.

Mu yi lissafi kaɗan. A ce ka sayi batiri jika 90. In ya yi shekara 1 ya mutu, haskenka ya ci jika 90 cikin shekara. In ya yi shekara 3, jika 30 ke nan kowace shekara. Sauran jika 60 sun zauna cikin aljihunka. Kuɗin nan buhun hatsi ne, kuɗin magani ne.

Da farko ku sani batiri iri biyu ne, ko da yake fuskarsu ɗaya. Can ƙasashen Turai da Amurka akwai wata mota mai ɗaki a ciki, da gado, da murhu, da ƙaramin firigo. Masu yawon buɗe ido ke tafiya da ita. Dattawa sun ga irinta a shekarun 1970 da 1980, lokacin da Turawa ke ƙetare hamada suna biyowa ta Arlit da Agadas. Wagga mota batiri biyu gare ta. Na fari aikinshi tada inji. Yana ba da ƙarfi mai yawa cikin ƙiftawar ido, sai inji ya tashi ya mayar mashi da abin da ya fitar. Na biyu shi ne na ɗaki. Yana ba da kuran kaɗan kaɗan tun magariba har safe. Tsakaninsu akwai wata na'ura da ke raba su in an kashe inji, don kada fitilun ɗaki su shanye na tada mota.

Na fari doki ne, na sukuwa. Na biyu raƙumi ne, na doguwar tafiya. Batirin da muke bukata ga panno shi ne na biyu. Wanda ya sa batirin mota ga panno ya ɗora ma doki kayan azalai. Zai ɗauka, amma ƴan watanni ne. Dalili: faifan darma na cikin batirin mota sirara ne, in ana sauke shi ƙasa kullum sai su zube. Na batirin panno masu kauri ne.

Masu irin wagga mota sun daɗe suna fama da abin da muke fama da shi. Suna ajiye mota lokacin sanyi wata 4 ko 5, su komo su tarar batirin ɗaki ya mutu. Abin da sunka koya da kuɗinsu, mu ma yana yi mamu amfani, zama batirin ɗaya ne.

To, mi ke cikin batiri? Darma ce da ruwan asid. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a shekarar 1859, kuma har yau ginin bai sake sosai ba. Batiri mai wolt 12 ɗaki 6 gare shi a ciki. Kowane ɗaki na ba da wolt 2 da ɗan ɗori. Lokacin da kake shan kuran, asid na kama darma, sai wani farin gishiri ya fito bisa faifan. Lokacin caji, gishirin nan ya narke, ya koma cikin ruwa. Haka abin ke juyawa kullum.

Nan ne maganar take, ku saurara da kyau. Mata sun san ƙanzo. In an kwashe tuwo anka jiƙa tukunya nan take, ƙanzo fita yake ba wuya. In an bar ta kwana 3 cikin rana, sai an sa wuƙa, wani lokaci ma tukunyar ta fashe. Farin gishirin batiri haka yake. In ka mayar da caji da safe, ya narke. In ka bar batiri ba caji kwana da kwanaki, gishirin ya daskare, ya yi tauri, caji ba ya narkar da shi kuma. Wurin da ya rufe ya mutu ke nan. Batirin da ke ɗaukar amper 100 ya koma 70, ya koma 40. Daga waje kuwa fes yake, kamar sabo.

Saboda haka batirin darma ba ya son kwana da yunwa. Abin da ka ɗiba da dare, ka mayar mashi da rana. Kuma ka cika shi har baki, ba rabi ba.

Abu na biyu, kada ka kwashe shi ƙaf. Manomi mai hankali ba ya share rumbu har ya ci iri. Rabi naka, rabi na batiri. Takardun masu ƙera batiri suna nuna haka: irin wanda ake rufewa ba a buɗewa, in ana kwashe shi duka kullum, sau 200 zuwa 300 ya gama. In rabi ake ɗiba, yana kai sau 500 ko fiye. In kashi ɗaya cikin uku ne, yana wuce sau 1000. Ku raba da kwanakin shekara, 365, ku ga bambanci da kanku.

Ƙaƙa za ka san ya kai rabi? Ba da ido ba. Akwai ma'auni ƙarami mai nuna lamba, kuɗinshi bai kai na zakara biyu ba. Wasu akwatunan panno ma suna nuna lambar da kansu. Ga amfanin karatun da kuke yi. Lambar tana da waƙafi a tsakiya, ku koyi karanta ta. Amma a auna bayan batiri ya huta, ba caji, ba fitila, kamar awa 3 ko fiye. In ka auna rana tsaka panno na aiki, lambar ƙarya za ta yi maka.

In ka ga 12,6 ko 12,7, batiri cike yake. In ka ga 12,4, kashi ɗaya cikin huɗu ya fita. In ka ga 12,2 ko 12,1, ya kai rabi, sai a tsaya. In ya sauka ƙasa ga 12, kana cin iri. In ya kai 10,5, babu komi ciki, kuma ya ji ciwo. Ku lura, tsakanin cikakke da rabi, rabin wolt ne kaɗai. Shi ya sa fitila ke ci gaba da haske alhali batiri na wahala. Fitilun zamani ba su dushewa da wuri kamar na da, ba su gaya maka komi.

Yanzu caji kanshi. Ku tuna yadda ake cika buhu da hatsi. Da fari zubawa ake da ƙwarya, da sauri. In ya kusa baki sai a tsaya, a girgiza, a ƙara kaɗan, a sake girgizawa. Wanda bai girgiza ba, buhunshi ya yi kamar ya cika, amma in an ɗora bisa sikeli a ga giɓi. Caji ma hawa uku ne. Hawa na fari, kuran na shiga da ƙarfi har lamba ta kai wajen 14,4. A nan batiri ya samu kamar kashi 80 cikin 100. Hawa na biyu, a riƙe lambar nan a wurin awa 2 zuwa 4, kuran na raguwa sannu sannu. Wannan shi ne girgizar buhu. Hawa na uku, a saukar da lamba wajen 13,6, a riƙe shi cike ba tare da an dafa shi ba.

Hawa na biyun nan shi ne mutane ke tsallakewa. Ka kai batiri wurin mai gurup ranar kasuwa. Kana sauri, amalanke zai tashi. Bayan awa 2 ya ɗora ma'auni, ya nuna maka 13, ya ce ya cika. Bai cika ba. Wannan kumfa ce. Ka bar shi ya kwana ka sake aunawa, ka gani. Batiri mai amper 100 ana yi mashi caji da amper 10, wato kashi ɗaya cikin goma na lambar da anka rubuta a jikinshi. In rabi ya fita, yana bukatar wajen awa 8. In ya sauka sosai, yini da dare. Mai caji da ke ƙara wuta don ya sallami mutane da yawa, batirin zai yi zafi, ruwa ya tafasa, faifai su lanƙwashe. Ka taɓa jikin batiri. In hannunka bai iya daɗewa bisanshi, a rage wuta ko a tsaya ya huce.

Masu panno kuwa, ga babban laifin da nike gani gida gida: waya daga panno kai tsaye zuwa batiri. Ana cewa akwatin tsakiya ɓarnar kuɗi ce. Akwatin nan, wanda masu kanti ke kira regilater, shi ne makiyayin batiri. Panno da anka rubuta ma wolt 12, in rana ta take yana iya kai 18, har 21 in ba a ɗora mashi komi ba. In batiri ya cika babu mai tsayar da kuran, sai ya yi ta dahuwa. Ruwa ya ƙone, faifai su fito fili. In batiri rufaffe ne, ya kumbura, kuma shi ba a ƙara mashi ruwa. Regilater na yin hawa ukun nan da kanshi. Da dare kuma, in batiri ya sauka ƙwarai, ya yanke fitilu. To, in ya yanke, kada ku zagaye shi ku liƙa waya ga kan batiri don a ƙarasa kallon kokowa. Na san da wuya, bare ranar da ake kokowar takobi. Amma daren nan guda yana iya cin watanni cikin ran batiri.

Wajen haɗawa, batiri ake fara haɗa ma regilater, sa'an nan panno. Wajen kwancewa, panno ake fara cirewa. Ja ga ja, baƙi ga baƙi. Kuma a gaya ma akwatin irin batirin da ke gare ku, na ruwa ne ko rufaffe, zama cajinsu ba daidai yake ba. Wanda ya saida maku ya daidaita shi gabanku.

Wani abin da ke kashe batiri a ɓoye shi ne ƙaramin panno da babban buri. Ku ɗauki alli mu lissafa tare. Ampul 3 masu wat 5, awa 5: 75. Tele mai wat 30, awa 3: 90. Salula 4: wajen 40. Fanka mai wat 20, awa 6: 120. Duka 325. A raba da 12, ya ba mu amper 27 cikin dare guda. Ga batiri mai amper 100, wannan daidai ne, bai kai rabi ba. Amma sai an mayar. Kuma batiri kamar tulu mai tsatsafo ne, in ka ɗebi 27 sai ka zuba fiye da 30 kafin ya cika. Panno mai wat 100 na ba da amper 5 da rabi in rana ta yi kyau. Cikin yini, a ƙasarmu, wajen amper 30 ke nan. Kun gani? Da ƙyar ya kai, ranar da sama ke garau. Ranar hazo ko hadari bai kai ba. Yau giɓin 5, gobe giɓin 8. Bayan wata guda batiri na zaune rabi, ƙanzo na kamawa, mai gida bai sani ba. Sai ya ce bari in sayo batiri mafi girma. Ba nan ciwon yake ba. Rijiya ce ba ta kawo ruwa, ƙara randa ba ya magani. Ko a ƙara panno, ko a rage fanka. Firigo kuwa shi kaɗai ya fi dukan waɗanga ci, kada a rataya shi ga irin wanga ƙaramin haɗi.

Akwai kuma ɓarawon dare. Akwatin da ke juya kuran na batiri ya koma 220, ko ba a liƙa mashi komi ba, in yana kunne yana sha. Wani na shan rabin amper, wani amper guda, kowace awa. Yini da dare, amper 12 zuwa 24 sun tafi banza. In kun gama aiki ku kashe shi.

Panno ya fuskanci kudu, a ɗan jingine shi kamar digiri 15, zama Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai duka suna tsakanin digiri 13 da 15 arewa ga tsakiyar duniya. Kada inuwar gawo ko ta katanga ta faɗa bisanshi, ko da gefe guda ne. Inuwa kaɗan na rage kuran da yawa. Lokacin hunturu ƙura na rufe gilashi. A share da tsumma mai laushi da ruwa kaɗan, da sassafe kafin ya yi zafi. Aikin yaro ne na minti 5.

Rana dai muna da ita. Tun 1965 ƙasarmu ta kafa ofishin binciken ƙarfin rana, ONERSOL, wanda Farfesa Abdu Mumuni ya shugabanta daga 1969 zuwa 1985. A 2018 an buɗe tashar rana ta Malbaza mai megawat 7, a 2023 ta Goru Banda kusa ga Yamai mai megawat 30. Amma ranar da ke ba panno ƙarfi ita ce abokiyar gabar batiri. Masu ƙera shi suna gwada shi ga zafin digiri 25. Duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, ranshi na raguwa da rabi. Ku tuna watan Afrilu da Mayu a nan, zafi na wuce 40 cikin inuwa. Cikin ɗakin kwano da rana tsaka ya fi haka. Batirin da zai yi shekara 6 a Faransa, a ɗakin kwano da wuya ya ga ta uku. Ba mu iya sake bazara, amma muna iya zaɓen wuri. Ɗakin ƙasa ya fi na kwano. A sa shi ƙasa ƙasa, bisa katako, wurin da iska ke ratsawa, nesa ga murhu, nesa ga hasken rana. Regilater ya zauna ɗaki ɗaya da batiri, don masu kyau suna jin zafi su rage caji da kansu. Cikin zafin 40, lambar 14,4 ta yi yawa, wajen 14 ya isa.

Ga masu batirin ruwa, mai marufi 6 a sama: ku buɗe ku duba sau ɗaya a wata, da bazara sau biyu. Ruwa ya rufe faifai da kamar santimeta 1. In ya ragu, ruwan batiri kaɗai ake ƙarawa, wanda anka tace da tururi, ana saida shi gidan mai da wurin masu kayan mota. Ban da ruwan rijiya. Ban da na famfo. Ban da na leda, ko da yana da daɗin sha. Duka suna da gishirin ƙasa da ke ɓata faifai. Kuma kada wani ya ce maku a ƙara asid batiri ya farfaɗo. Ruwa ne ke ƙonewa, asid na nan. In an ƙara, zai yi ƙarfi kwana biyu, sa'an nan ya ci darmar. A ƙara ruwa bayan caji, zama ruwan na hawa lokacin caji. Sai fa in faifai sun fito fili, sai a rufe su tukuna.

In farin gari ko shuɗi ya taru bisa kawunan batiri, kuran ba ya wucewa da kyau. Ku kwance waya, ku jiƙa kanwa cikin ruwa ku goge, kanwa na kashe asid. Amma marufi su kasance rufe, ko ɗigo kada ya shiga ciki. A shanya, a ɗaure da kyau, a shafa ɗan giris.

Lokacin caji batiri na fitar da wata iska da ba a gani, mai kama wuta. Ban da taba kusa, ban da ashana, ban da fitilar kwai. Wasu na gwada batiri da waya, su haɗa kai biyu su ga tartsatsi. Ku bar wannan. Batiri na fashewa, asid ya watsu ga fuska. In asid ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15, a tafi likita nan take.

Masu tafiya cin rani da makiyaya masu tafiya arewa da damina, ku ma ga taku. Batiri ko an ajiye shi ba aiki, yana zubar da caji da kanshi, kuma cikin zafi ya fi sauri. In za ka yi wata 4, kada ka tura shi ƙarƙashin gado yadda yake. Ko ka bar shi haɗe da panno da regilater, ka kashe fitilu duka, ka bar ma wani amanar share gilashi da duba ruwa. Ko ka cika shi, ka cire wayoyi, a riƙa yi mashi caji sau ɗaya a wata. Kuma kada a haɗa tsohon batiri da sabo. Tsohon zai ja sabon ƙasa.

Na ga wasu na da sabon iri, na litiyom, wanda ba darma cikinshi. Shi halinshi dabam ne. Bai da nauyi. Ana iya ɗibar kashi 80 cikin 100 bai damu ba, yana kai sau 2000 ko fiye, kuma zama rabi ba ya yi mashi ƙanzo. Amma yana da tsada, shi ma ba ya son zafi, kuma sai an daidaita regilater bisa nashi lissafi. Ga wanda ke da hali kuma yake aiki da kuran kullum, kamar mai shagon caji, a ganina ya fi riba. Ga mai ampul 3, na darma ya isa in an kiwata shi.

In za ku sayi na darma, ku ɗaga shi. Mai amper 100 na gaskiya yana kai wajen kilo 30. In an rubuta 200 kuma yaro na ɗaukar shi da hannu guda, rubutun ne kaɗai 200. Ku ce a auna gabanku. Sabon da ke nuna ƙasa ga 12,4 ya daɗe zaune cikin kanti.

Saura batirin da ya mutu. Kada a fasa shi cikin gida, kada a zubar da ruwanshi kusa ga rijiya ko inda bisashe ke kiwo, kada a narka darmar bisa murhu. Darma guba ce, kuma yara ta fi kamawa. A Senegal, unguwar Caroy kusa ga Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 sunka mutu saboda ƙurar darmar tsofaffin batiran da ake fasawa cikin unguwa. Ku mayar da shi yadda yake, rufe, ga masu sayen tsoho ko ga mai kanti, a rage maku kuɗin sabo. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Ga ma'auni nan na zo da shi, ga batiri biyu. Ku matso ɗaya ɗaya, kowa ya ɗora ya karanta lambar da ƙarfi mu ji. Mata su fara.